Asibitin Kakuri da Tarihin Jinyar 'Yan Katolika a Ƙasar Hausa

Labarin asibitin 'yan Katolika a wannan yanki ya fara ne da ji-ta-ji-ta. A farkon ƙarni na 18, fatake da bayi masu isa Turabulus ta hanyar hamada suna ba da labarin wata ƙasa a kudancin Borno, wato Kwararrafa, wadda aka ce akwai Kiristoci masu ɗimbin yawa a cikinta. Wasu riwayoyin ma sun ƙara da cewa akwai wani gidan jinya mai gadaje 60 a can. Wannan zance ne na baka, ba a taɓa samun kango ko takardar da ta gaskata shi ba, don haka a bar shi a matsayinsa na abin da aka ce. Amma a Roma an ɗauke shi da muhimmanci, kuma abin da ya biyo baya yana rubuce. A 1710 wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria da Genova da Severino da Silesia, suka bar Turabulus cikin ayari, suka ratsa Fazzan har Agadas. Daga nan suka gangaro Katsina, wadda a lokacin take babbar matattarar fataken Arewa da malamai. A 1711 ciwo ya kama su, dukansu biyu suka rasu a Katsina. Labarin mutuwarsu ya koma Turabulus ta bakin wani ɗan kasuwa.

Ke nan ƙasar Katsina ta ga limaman Katolika tun kusan shekara 100 kafin jihadin Shehu Usmanu. Ba su gina komai ba, ba su bar almajiri ba. Sai da aka yi sama da shekara 200 kafin ɗarikar ta sake samun wurin zama a wannan lardi.

Zuwa na biyu daga teku ya ɓullo. Ƙungiyar limaman Katolika ta SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, ta sauka Legas a farkon shekarun 1860, ta kai Lakwaja a 1884. A Abekuta wani limaminta Bafaranshe, Jean-Marie Coquard, ya buɗe asibitin Sacred Heart a 1895. Mutumin bai kammala karatun likita ba, amma ya yi ta fiɗa da jinya har ƙarshen rayuwarsa, asibitin kuma yana nan har yau. A Arewa kuwa, sai a 1907 limamai uku ƙarƙashin Oswald Waller suka zauna a Shendam, can ƙasan Filato, nesa da garuruwan sarakunan Musulunci.

Dalilin wannan nisa ba ɓoyayye ba ne. A 1900 wata tawagar CMS ta Angilikan, mutum biyar ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta shiga Kano ba da gayyata ba, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, shugabansu Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka riƙe wannan alkawari a matsayin dokar hana mishan shiga masarautu, domin mulkinsu ya dogara ne a kan sarakuna, ba sa son abin da zai tayar da ƙura. Likita Walter Miller, ɗaya daga cikin tawagar Tugwell, shi kaɗai ya samu shiga birnin Zariya a 1905, kuma a 1929 aka fitar da mishan ɗin zuwa Wusasa, inda aka gina asibitin da ya zama uban asibitocin mishan a ƙasar Hausa. Daga Wusasa ne aikin ya miƙo hannu zuwa Maska da Bakori da Tsafe a shekarun 1930. Mutanen kudancin Katsina, har da na wajen Daudawa da Faskari, ta wannan ƙofa suka fara jin ƙanshin maganin 'yan mishan.

Tsoron da sarakuna da malamai suka yi yana da tushe, kuma bai kamata mai rubuta tarihi ya share shi ba. 'Yan mishan da kansu sun rubuta cewa magani mabuɗi ne na isa zukatan mutane. Wanda ya zo wankin gyambo yakan tarar da wa'azi kafin a kira shi. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1930 buƙata ta rinjayi tsoro a fanni ɗaya, wato kuturta. Hukumomin En'e suka miƙa wa mishan na SIM kula da sansanonin kutare a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Aiki ne da ba kowa ke son taɓawa ba, su kuwa suka karɓa.

A duk wannan lokaci ina 'yan Katolika? Nan ne tarihin ya ɗan bambanta da abin da mutane ke zato. Ba gwamnatin Turawa kaɗai ta tsare su ba, dokar cocinsu ma ta ɗaure musu hannu. Kundin dokokin coci na 1917 ya hana limamai da masu rayuwar keɓewa yin aikin likita da fiɗa sai da izini na musamman, kuma al'ada ta hana sistoci karɓar haihuwa. Sista na iya koyarwa a aji, tana iya ba da ƙwayar zazzaɓi, amma ɗakin naƙuda ba nata ba ne. Mata irin su Anna Dengel, likita 'yar Ostiriya da ta yi aiki a Rawalpindi cikin matan kulle, suka yi ta kai ƙara Roma cewa mata na mutuwa a inda likita namiji ba ya shiga. A ranar 11 ga Fabrairu 1936 ofishin Paparoma mai kula da ayyukan mishan ya fitar da umarnin da ya buɗe wannan ƙofa, ya ma ƙarfafa wa sistoci gwiwar neman takardar likita da ta ungozoma. Shekara ɗaya bayan haka, a Afrilu 1937, wata 'yar Ailan, Mary Martin, ta ɗauki alkawarin zama sista tana kwance ba lafiya a asibitin Fatakwal, ta kafa ƙungiyar Medical Missionaries of Mary. Kusan duk asibitocin Katolika da ke Arewa bayan wannan umarni aka gina su. A ganina wannan shekara ta 1936 ta fi kowace muhimmanci a labarin nan.

A 1934 Roma ta raba Arewa gida biyu, Jos da Kaduna. Kaduna gari ne da Turawa suka ƙirƙira, suka mayar da shi hedikwata a 1917 bayan Zungeru, kuma babu ganuwa ko fadar sarki da za a ce an keta. Layin dogo daga Legas da wanda ya taso daga Gabas sun haɗu a kudancin kogin, kusa da Kakuri, suka kawo ma'aikata daga ko'ina, da yawansu 'yan Katolika. Sistocin ƙungiyar Our Lady of Apostles, wadda Augustin Planque ya kafa a 1876, suka iso Kaduna a 1939, suka buɗe makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri. Sistocin St Louis daga Ailan suka sauka Kano a 1948, su ne kuma suka riƙe asibitin Zonkwa daga baya.

A 1957 aka buɗe asibitin St Gerard a Kakuri, a zamanin Bishop John McCarthy, sistocin Our Lady of Apostles ke gudanar da shi. A wannan shekarar dai masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a unguwar. Ba da jimawa ba Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo, da masana'antar makamai ta soja a 1964, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban samari suka kwararo daga ƙauyukan Zazzau da Katsina da Filato da Binuwai, suka yi aure, suka cika gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa. Inda ake da leburori da matansu matasa, abu biyu ba sa yankewa: raunin inji da haihuwa. Su ne abincin asibitin na yau da kullum. Akwai ma wata alaƙa da mutanenmu na kudancin Katsina ba su cika lura da ita ba. Audugar da ake nomawa a Daudawa da Faskari da Ƙanƙara, a gurza ta a injin Funtuwa, layin dogon da ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda tun 1929 shi ke kai ta wajen waɗannan masaƙu. Hanyar da auduga ta bi, ita 'ya'yan manoman suka bi neman aiki, wasunsu kuma a Kakuri aka yanke wa 'ya'yansu cibiya.

Sunan asibitin ma yana nuna inda aka sa gaba. Gerard Majella mutumin kudancin Italiya ne, an haife shi a 1726, ya rasu a 1755 yana ɗan shekara 29, coci ta sa shi cikin waliyyanta a 1904. Wannan shi ne rubutacce. Abin da mabiya ke faɗa kuwa shi ne, wai ya taɓa barin hankicinsa a wani gida, ya ce wa yarinyar gidan ta ajiye zai yi mata amfani, bayan shekaru naƙuda ta tsananta mata, aka kawo hankicin ta sauka lafiya. Saboda wannan riwaya 'yan Katolika ke ɗaukarsa majiɓincin masu ciki, shi ya sa ake yawan sa wa gidajen haihuwa sunansa.

Lardin Katsina kuwa ba ƙarƙashin Kaduna ya zauna ba. A 1953 aka yanke lardunan Sakkwato da Katsina aka miƙa wa limaman Dominikan daga Amurka, Edward Lawton ya zama shugabansu, ya kuma zama bishop na farko a 1964. Gusau suka fara mayarwa cibiya, saboda garin jirgi ne mai baƙi da yawa. A 1956 sistocin Dominikan daga Great Bend ta jihar Kansas suka iso Gusau, suka kama aikin shan magani da karɓar haihuwa, daga baya aikin ya kai Yelwa da Malumfashi, inda mishan ya sami karɓuwa cikin Maguzawa. A ƙasar Katsina aikin bai girma ya zama babban asibiti mai makaranta irin na Kakuri ba. Ya tsaya a matakin ɗakin shan magani da gidan haihuwa, da zagayen ƙauyuka ranar kasuwa.

Yanzu ga maganar makaranta, wadda a wurina ita ce zuciyar wannan tarihi. Sistoci Turawa ba su taɓa yin yawan da za su cika ɗakunan marasa lafiya ba. Asibiti mai gadaje da yawa yana buƙatar hannu dare da rana, kuma ba shi da kuɗin ɗauko ma'aikata daga waje. Dole ta sa kowane babban asibitin mishan ya koyar da nasa, kuma haka aka yi a Kakuri, makarantar koyon jinya ta tsiro a jikin asibitin. Doka ta riga ta tsara hanya: an kafa dokar ungozoma a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, a 1979 kuma aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya, wadda ita ke ba kowace makaranta izini, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta shigar da sunan wanda ya ci cikin rajista.

Tsarin karatun a wancan zamani irin na Ingila ne. Ɗaliba takan fara da 'yan watannin share fage, a koya mata sassan jiki da tsabta da shimfiɗa gado da auna zafi da bugun jini. Wadda ta faɗi a nan sai gida. Wadda ta tsallake sai a ba ta hula, ta shiga ɗakin marasa lafiya, shekara uku tana kaiwa da komowa tsakanin aji da aiki, har da kwanan dare, a ƙarƙashin idon babbar sista. Ita ke juya wanda ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke ƙidaya ɗigon ƙarin ruwa, ita ke fara ganin jini ya ɓalle wa mai jego kafin a taso likita. Wadda ke son aikin ungozoma sai ta ƙara wani karatun a kai. Akwai tsanani a ciki, kuma gaskiya ne asibitoci sun ci moriyar ƙwadagon ɗalibai da araha. Amma wadda ta fito daga irin wannan horo takan iya riƙe ɗakin haihuwa ita kaɗai a garin da babu likita, kuma wannan shi ne abin da karkara ta fi buƙata.

Su wa suka shiga? Galibi 'yan Kudu ne a farko, sai 'yan kudancin Zazzau da Filato da Binuwai, waɗanda suka riga suka yi makarantun mishan. 'Ya'yan Musulmin Hausa sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda dalilai da suka taru wuri ɗaya: ƙarancin makarantun 'yan mata, aurar da yarinya da wuri, kunyar taɓa jikin namiji baƙo, kwanan asibiti, da tsoron a sauya wa yarinya addini. Sakamakon wannan ya daɗe yana bin mu. Matar da ke kulle a Sabuwa ko Ƙanƙara ta fi sakewa da tsohuwar ungozomar unguwa a kan baƙuwar da ba ta jin harshenta sosai, sai a zauna da doguwar naƙuda kwana biyu a gida, a zo asibiti bayan aski ya zo gaban goshi. Jijjiga da zubar jini da yoyon fitsari suka yi ta cin mata. Ba abin mamaki ba ne da Babbar Ruga, tsohon sansanin kutare, ta koma cibiyar gyaran masu yoyon fitsari daga tsakiyar shekarun 1980, a hannun likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan.

Shekarar 1966 ta girgiza komai. Kashe Sardauna a Janairu, da tarzomar Mayu, da ta Satumba da Oktoba, sun sa 'yan Gabas suka kwashe daga Kaduna da Funtuwa da Gusau da Katsina. Cocin Katolika a waɗannan garuruwa ta kusa zama kango, asibitoci na mishan da na gwamnati suka rasa ƙwararrun ma'aikata a dare ɗaya. Bishop Lawton ya rasu a Disamba na wannan shekara, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Giɓin da aka samu ya tilasta horar da 'yan Arewa da gaggawa. A ɓangaren tunani ma an sami canji, domin babban taron coci na Vatican na biyu, wanda aka rufe a 1965, ya fito fili ya yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ya kuma yi kira ga aiki tare.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatin soja ta kori limamai Turawa da dama daga Gabas, ta kuma matse bakin ba da izinin shigowa. Kuɗin mai ya zo, jihohi suka ga za su iya ɗaukar nauyin komai. A Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa Zazzau da Katsina tun 1967, aka karɓe makarantun mishan, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St John's ta zama Rimi. Asibitoci da sansanonin kutare da yawa a Arewa su ma suka koma hannun gwamnati a wannan tsakani. A 1973 majami'u suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar CHAN don kare ayyukansu na lafiya da sayen magani tare. A 1975 Peter Jatau ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci babbar diyosis ta Kaduna, ragamar asibiti da makaranta ta riƙa komawa hannun 'yan Nijeriya. A Gusau ma sistocin Amurka suka fara ɗaukar 'yan ƙasa a 1973, waɗanda yau suke ƙungiya mai cin gashin kanta.

Sauran labarin na wahala ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magani da kayan aiki suka yi tsada, tallafin waje ya ja baya, asibitin da aka gina don talaka ya koma dogaro da kuɗin da talakan zai biya. Masaƙu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, United Nigerian Textiles a 2007, Kakuri ta cika da tsofaffin ma'aikata marasa fansho, audugar Daudawa kuma ta rasa babban mai sayenta. Sannan rikici ya mayar da St Gerard wurin da ake fara kai gawa da masu rauni a kudancin garin: tarzomar shari'a a 2000, ta gasar sarauniyar kyau a 2002, ta bayan zaɓe a 2011, bama-baman 2012. Da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja hari a ranar 28 ga Maris 2022, nan da asibitin soja na 44 aka kai waɗanda suka jikkata, kuma cikin waɗanda aka kashe akwai wata matashiyar likita da ta yi aiki a St Gerard. A irin waɗannan ranaku, Musulmi da Kirista kan kwanta gado kusa da gado.

Kudancin Katsina ma bai tsira ba. Tun da aka yanke jihar daga Kaduna a 1987, gwamnati ce ke ɗauke da horar da ma'aikatan jinya, da makarantar da ke Katsina da ta ungozoma da ke Malumfashi. Amma 'yan bindigar dajin da ya kewaye Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun kori ma'aikata daga ƙananan asibitoci masu yawa. An sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020. A Mayu 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A cikin wannan hali Roma ta kafa diyosis ta Katsina a Oktoba 2023, ta naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, bishop na farko, shekara 312 bayan rasuwar limaman nan biyu.

Makarantun jinya yanzu suna komawa kwalejoji masu ba da difloma, shiga kuma sai ta jarrabawar JAMB. Matsalar ta sauya kama: hukumar ma'aikatan jinya ta ce sama da 15,000 suka bar ƙasar a 2023 kaɗai. Wanda aka horar a birni yana duban Ingila da Saudiyya, ba ya duban Daudawa, kuma ban ga laifinsa ba in aka dubi albashi da tsaro. Abin da aka gwada ya yi aiki shi ne shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 a Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe: a ɗauko yarinya daga ƙauyenta da yardar iyaye ko miji da dagaci, a yi mata shekarar share fage, ta shiga makaranta, ta koma gida ta yi aiki. Iyaye na Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, duk wanda 'yarsa ta gama sakandare da sakamako mai kyau a kimiyya, ya bar ta ta nemi makarantar jinya ko ta ungozoma, ya kuma tsaya mata har ta gama. 'Yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi su biya kuɗin karatun, su gyara ɗakunan haihuwa, su samar da tsaron da zai sa ta iya kwana a bakin aiki.